Makbet: tambayoyin da ɗalibai ke yawan yi kan buri, alhaki da lalacewar zuciya

Duk shekarar da na koyar da wannan wasan kwaikwayo na Shekisfiya, marubucin nan na Ingila, tambayoyin da ɗalibai ke zuwa da su kusan iri ɗaya ne. Tsohon Turancin yana ba su wahala, amma abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne mutumin kansa: yaya aka yi jarumin da sarki ya yaba wa da bakinsa ya koma mai aikawa a yanka ƙananan yara? Na tattara tambayoyin a nan. Inda na ambaci kashi da fitowa, don ku buɗe littafin ne ku gani da idonku.

Wane ne Makbet, kuma me ya faru a wasan?

Makbet sarkin yaƙi ne na Sarki Dankan na ƙasar Sukotlan, ɗan'uwansa ne na jini, kuma hakimin Gilams. Yana dawowa daga yaƙin da ya ci tare da abokinsa Banko sai suka yi kiciɓis da wasu bokaye mata uku a daji. Suka gaishe shi da sarautar da yake riƙe da ita, suka ƙara masa da hakimcin Kodo, suka ce kuma zai zama sarki. Banko kuwa suka ce masa ba zai yi sarauta ba, amma zuriyarsa za su yi. Ba a jima ba manzannin sarki suka iso da albishir cewa an naɗa Makbet hakimin Kodo. Daga nan zancen sarautar ya kama shi.

Da sarki ya sauka a gidansa na Inbanes, shi da matarsa suka kashe shi cikin dare, suka shafa wa dogarawansa jinin. 'Ya'yan sarki biyu suka gudu, Malkam ya nufi Ingila, ƙanensa ya nufi Ailan, aka naɗa Makbet. Ya sa aka kashe Banko, ya sa aka kashe iyalin Makdaf hakimin Faif, matarsa ta zauce ta mutu, daga ƙarshe Makdaf ya sare masa kai. An rubuta wasan wajajen 1606, aka fara buga shi a 1623, shekara bakwai bayan mutuwar marubucin. Cikin wasanninsa na ban tausayi shi ne mafi gajarta.

Da gaske an yi wani sarki mai wannan suna?

An yi. Ya hau gadon Sukotlan a 1040 bayan ya kashe Dankan, amma a fagen fama ya kashe shi kusa da Elgin, kuma Dankan na tarihi matashi ne, ba dattijon da wasan ya nuna ba. Makbet ya yi shekara 17 yana mulki, har ya samu sukunin zuwa ziyara Rum a 1050, abin da sarkin da ƙasarsa ke tafasa ba zai yi gigin yi ba. Malkam ya kashe shi a Lumfanan a 1057.

Shekisfiya ya ɗauko labarin daga littafin tarihin Holinshed, bugun 1587, ya sassaƙa shi yadda yake so. Kisan baƙo a cikin gida, da matar da ke zuga miji, da bugar da masu gadi, ya aro su daga labarin wani sarkin daban mai suna Daf a cikin littafin. A wurin Holinshed har da hannun Banko a kisan Dankan, shi kuwa sai ya wanke shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: Sarki Jemis, wanda ya hau gadon Ingila a 1603 kuma ya zama uban ƙungiyar wasan su Shekisfiya, gidansu na danganta kansu da Banko.

Bokayen ne suka sa shi kisan, ko dama abin yana ransa?

Ku karanta kashi na 1, fitowa ta 3 a hankali. Babu inda bokayen suka ambaci kisa, ko wuƙa, ko sunan Dankan. Sarauta kawai suka ce. Amma suna rufe baki Makbet ya zabura, har Banko ya tambaye shi me ya firgita shi a magana mai daɗi haka. Mutumin da aka yi wa albishir ba ya razana, sai in an taɓo masa abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Jim kaɗan, a zancen zucinsa, shi da kansa ya furta kalmar kisa, yana cewa tunanin ya sa tsikar jikinsa ta tashi, zuciyarsa na dukan haƙarƙarinsa.

Banko ya ji irin abin da Makbet ya ji, shi ma ya shige shi har yana mafarkin bokayen, amma roƙon tsari ya yi daga mugun tunanin da ke zuwar wa mutum a barci. Ya ma gargaɗi abokinsa cewa mayaudaran duhu kan faɗa wa mutum ƙananan gaskiya don su ja shi zuwa babbar halaka. Saboda haka in ɗalibi ya rubuta mini cewa ƙaddara ce ta ja Makbet, nakan tambaye shi: in ƙaddara ce, me ya hana shi zama ya jira ta? Shi kansa ya yi wannan tunanin, ya ce in rabo ne zai naɗa shi ba tare da ya motsa ba. Abin da ya hana shi haƙuri shi ne lokacin da Dankan ya ayyana Malkam a matsayin magajinsa a fitowa ta gaba.

Wannan ba ya nufin bokayen ado ne kawai. 'Yan kallo na wancan zamani sun yarda da maita ƙwarai, kuma Sarki Jemis da kansa ya wallafa littafi a kan sihiri da aljanu a 1597, bayan ya halarci tuhumar waɗanda aka zarga da tayar masa da guguwa a teku.

To matarsa fa? Ba ita ta ingiza shi ba?

Ta ingiza shi, kuma da ba don ita ba da wuya a yi kisan a wannan daren. Ya riga ya ce mata a bar zancen. Sai ta soke shi inda ta san zai ji: ta kira shi matsoraci, ta ce sai ya aikata ne zai cika namiji, ta ce ita da ta yi irin rantsuwarsa da ko jaririn da take shayarwa ne ta fizge shi daga nono ta rotsa masa kai. Sannan ta shimfiɗa masa dabarar dalla-dalla.

Sai dai ku lura da amsar da ya bayar bayan zugar, kafin ta kai ga dabarar. Bai ce mata haram ne ba, bai ce amana ce ba. Cewa ya yi: in muka kasa fa? Wato gardamar ta riga ta tashi daga ko ya dace zuwa ko za a kama su. Kuma shi ne ya aiko mata da wasiƙar da ta kunna mata wutar tun farko. Duk kisan da ya biyo bayan na Dankan kuwa ba da shawararta aka yi ba, kamar yadda za ku gani a amsar tambayar Banko.

Ya san cewa abin da zai yi laifi ne?

Ya sani fiye da kowa a wasan, kuma wannan ne ya sa labarinsa ke da ciwo. A farkon kashi na 1, fitowa ta 7, ya baro sarki a wurin cin abinci ya keɓe, ya shiga lissafa wa kansa dalilan da suka hana. Dankan ɗan'uwansa ne. Ubangidansa ne. Baƙonsa ne, wanda ya kamata shi ya tare ƙofa kada makashi ya shigo masa. Ga shi sarki mai sauƙin hali da tsabtar hannu, wanda kisansa zai sa duniya kuka. Ya kuma san cewa wanda ya koya wa mutane zubar da jini, darasin kansa yake dawowa. Da ya duba ɗaya gefen ma'aunin, bai sami komai ba sai buri tsagwaronsa, ya kwatanta shi da mahayin da ya yi tsallen hawa doki ya zarce ya faɗo ta ɗaya ɓarin.

Duk wanda ya tashi inda ake cewa baƙonka annabinka ba sai an yi masa dogon bayanin nauyin wannan cin amana ba. Dankan ya iso ƙofar gidan yana yabon daɗin iskar wurin, ya kama hannun uwargida ta shigar da shi, kafin ya kwanta har ya aika mata da kyautar lu'ulu'u.

A ina alhakin kisan ya fara bayyana a jikinsa?

Tun bai wanke hannu ba. Ba a nuna mana kisan a dandamali, fitowarsa kawai muke gani, riƙe da wuƙaƙe biyu da ya manta bai bari a can ba. Abin da ya fara damunsa zai ba ku mamaki. Ya ce da zai wuce, wasu mutum biyu da ke kwance a ɗakin kusa suka farka a firgice, ɗaya ya roƙi albarkar Allah, ɗayan ya ce amin, shi kuwa ya nemi ya ce amin ta maƙale masa a maƙogwaro. Ya yi ta maimaita wa matarsa: me ya sa na kasa, alhali na fi kowa bukatar albarka? Na taɓa sa wani ɗalibi ya karanta wannan wurin a aji, yaro mai yawan surutu. Da ya zo kan kalmar sai muryarsa ta yi ƙasa, ajin ya yi tsit. Babu wanda ya nemi in fassara masa abin da ake nufi da mutum ya kasa cewa amin.

Sai barci. Ya ce ya ji murya tana shelar cewa Makbet ya kashe barci, ba zai ƙara runtsawa ba. Haka kuwa aka yi, don a kashi na 3 yana kukan munanan mafarkai da ke girgiza su kowane dare, har yana ƙyashin Dankan da ke kwance lafiya a kabari. Sai jini. Ya dubi hannunsa ya ce duk ruwan teku ba zai wanke shi ba, sai dai hannun ya rine tekun ja. Matarsa ta ce ɗan ruwa kaɗan ya isa. Ku riƙe wannan magana tata, za ta dawo a tambayar zaucewarta. Da aka fara buga ƙofar gidan, fatan da ya yi shi ne bugun ya tashi Dankan.

Me ya sa ya kashe Banko, bayan ya riga ya samu sarautar?

Saboda sarautar ba ta zo da kwanciyar hankali ba. Banko ne kaɗai ya ji abin da bokayen suka faɗa, yana kuma zargin Makbet. Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne alkawarin da aka yi wa zuriyar Banko: ke nan ya ƙazantar da ransa, ya sayar da lahirarsa, don 'ya'yan wani su gaji gadon.

Ku kwatanta yadda aka yi kisan biyu. Na farko da hannunsa, yana rawar jiki, matarsa na riƙe da shi. Na biyu ya yi hayar 'yan ina-da-kisa, ya zauna yana zuga su da irin kalaman mazantakar da aka zuga shi da su, ya kuma ɓoye wa matarsa, ya ce ta zauna ba ta sani ba har sai ta yaba aikin. Aka kashe Banko, ɗansa Filiyans ya tsere.

Wuƙar da ya gani da fatalwar Banko, gaske ne ko idonsa ne ke masa gizo?

Wuƙar da ya gani a iska gab da kisan Dankan, shi kansa ya yanke hukunci a kanta. Ya kai hannu bai kama komai ba, ya ce aikin jinin da ke gabansa ne ya zana masa ita. A wannan lokacin yana iya bambance abin da ke waje da abin da ke cikin kansa.

Fatalwar ta fi wuyar sha'ani. Umarnin dandamali ya ce ta shigo ta zauna a kujerarsa, amma cikin duk manyan da ke wurin walimar da ya shirya a daren kisan Banko shi kaɗai ke ganinta. Masu shirya wasan sun kasu: wasu kan sa ɗan wasa ya fito jina-jina, wasu kan bar kujerar wayam. Ni na fi son a bar ta wayam, don a lokacin ne ɗan kallo ke ganin abin da hakiman suka gani, sarkinsu yana yi wa iska tsawa yana cewa ba za ka ce ni na yi ba, alhali babu wanda ya tuhume shi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Matarsa ta yi ƙoƙarin rufa asiri da cewa tsohon ciwo ne tun yana yaro, da abin ya gagara ta sallami baƙin ba tare da bin girma ba.

Shin Makbet ya haukace ne?

A ganina bai haukace ba, kuma ɗaliban da ke rubuta haka suna rasa abin da ya fi muhimmanci. Har ƙarshe yana tsara yaƙi, yana gane mutane, yana auna halin da yake ciki daidai. Abin da ya same shi ƙeƙashewar zuciya ce, kuma ana iya bin sawunta mataki-mataki. Bayan walimar ya ce ya yi nisa cikin kogin jini har komawa baya ta zama daidai da ƙetarewa wajen wahala, ya kuma bayyana cewa babu gidan babba da bai ajiye ɗan leƙen asiri ba. Da kansa ya koma neman bokayen. Bayan ya fito daga wurinsu ya ƙudura cewa daga yau abin da zuciyarsa ta fara rayawa shi hannunsa zai fara aikatawa. Mutumin da ya tsaya yana lissafa dalilai kafin ya taɓa Dankan ya daina ba tunani dama, don ya gane tunanin ne ke azabtar da shi.

Abin da ya fara aikatawa da wannan sabuwar ƙa'ida shi ne kisan matar Makdaf da 'ya'yanta. Kisan Dankan ya kawo masa sarauta, na Banko yana da dalilin tsoro, wannan kuwa babu abin da ya ƙara masa, don Makdaf ya riga ya tsere Ingila. An kuma nuna mana shi a fili: yaro yana hira da uwarsa, yana ba ta amsoshin wayo irin na yara, aka shigo aka soke shi, yana cewa ta gudu.

A kashi na 5, da ya ji kururuwar mata a cikin gida, ya ce ya kusa manta ɗanɗanon tsoro, shi da a da ƙara ɗaya cikin dare kan sa jikinsa sanyi. Firgicin da gane-ganen da ɗalibai ke kira hauka, su ne alamar cewa zuciyarsa na da sauran rai. Ranar da suka daina zuwa ne ya kamata a ji masa tsoro.

Me ya sa matar ce ta zauce, ita da ta fi shi dakiya?

Dakiyar tata aro ce. Kafin kisan sai da ta roƙi aljanu su cire mata tausayin mata, su toshe hanyar nadama, kuma mai taurin zuciya na asali ba ya bukatar wannan roƙo. Ta sha abin da ta ba dogarawan don ta samu ƙarfin hali. Ta kuma faɗa da bakinta cewa da ba don Dankan ya yi kama da mahaifinta a cikin barci ba, da ita ta kashe shi.

Shi ya fitar da abin da ke cinsa tun daren farko, ita ta danne nata, ga kuma mijin ya janye daga gare ta. A kashi na 5, fitowa ta 1, likita da baiwarta suna laɓe suna kallo. Ta fito da kyandir, ido buɗe amma barci take, baiwar ta ce ta ba da umarni kada a raba ta da haske ko da yaushe. Tana murza hannuwa kamar mai wanki, abin da takan ɗauki kwata na awa tana yi. Tana mamakin yawan jinin da ke jikin tsohon. Tana tambayar ina matar hakimin Faif, kisan da ba ta da hannu a ciki. Tana shinshina hannunta tana cewa duk turaren ƙasar Larabawa ba zai kashe ƙarnin ba. Wannan ita ce mai cewa ɗan ruwa kaɗan ya isa. Likitan ya ce malamin addini take bukata fiye da shi, ya kuma ce a kawar da duk abin da za ta iya cutar da kanta da shi. A jawabin ƙarshe Malkam ya ce ana zaton ita ta kashe kanta.

Tun da ya ji nauyin laifinsa haka, me ya sa bai tuba ba?

Jin zafin laifi daban, tuba daban. Tuba na bukatar mutum ya amsa laifinsa, ya daina, ya mayar da haƙƙi. A wurin Makbet wannan na nufin ya sauka daga gadon, ya faɗa wa duniya wanda ya kashe Dankan. Ko sau ɗaya bai kawo wannan a ransa ba. Duk lokacin da alhaki ya cije shi, yakan fassara ciwon da cewa akwai sauran maƙiyin da bai kawar ba, sai ya nemi magani a wani jinin.

Marubucin ya ajiye mana ma'auni tun farkon wasan. Tsohon hakimin Kodo, wanda ya ci amanar sarki aka yanke masa hukuncin kisa, an ba da labarin cewa ya amsa laifinsa a fili, ya nemi gafara, ya mutu da kyakkyawar nadama. Makbet ya gaji sarautarsa da cin amanarsa, bai gaji wannan ba. Ko da ya tambayi likita ko yana da maganin da zai tumɓuke baƙin ciki daga ƙwaƙwalwa, mantuwa yake nema.

Me ya sa ya yarda da alkawuran bokayen na biyu?

Don sun gaya masa abin da yake son ji: babu wanda mace ta haifa da zai cuce shi, kuma ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Banam ya tako zuwa tudun Dansinen. Maganganu ne masu harshen damo. Sojojin Malkam suka sari rassa suka rufe kansu, daji ya yi tafiya. Makdaf kuwa farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi.

Irin wannan magana mai fuska biyu tana bakin kowa a Ingila a lokacin. Bayan makircin tarwatsa majalisa da albarushi a Nuwamba 1605, an gurfanar da wani limamin Katolika, Henri Ganet, a 1606, aka zarge shi da rantsuwa mai baki biyu. Mai gadin ƙofar Makbet, da yake wasan cewa shi mai tsaron ƙofar wuta ne, har da irin wannan mutum cikin waɗanda yake yi wa maraba.

A jarrabawa, in na rubuta cewa buri ne ya halaka shi, ya wadatar?

Zai ba ka maki kaɗan, don gaskiya ne, shi ma ya faɗa. Amma buri ya ƙare aikinsa a kashi na 2. Daga nan tsoro ne ke tuƙa shi, daga baya kuma yanke ƙauna. Amsa mai kyau za ta nuna wannan sauyi da hujja daga fitowa zuwa fitowa, ta jera barci da jini da haske yadda suke dawowa, ta kuma nuna yadda miji da mata suka yi musayar hali.

Me ya sa har yanzu ake tausaya masa, bayan duk abin da ya yi?

Malkam ya kira shi mataccen mahauci, kuma wanda aka kashe wa uba yana da ikon faɗin haka. Mu dai 'yan kallo mun ji abin da Malkam bai ji ba, don tun farko a cikin kansa aka zaunar da mu. Mun ji shi, ana gab da yaƙin ƙarshe, yana cewa rayuwarsa ta zama busasshen ganye, kuma abubuwan da ke raka tsufa, girma da ƙauna da biyayya da tarin abokai, kada ya sa ran samunsu, sai zagi a ɓoye da gaisuwar baki. Ya san abin da ya yi asara, ya san shi ya jefar da shi.

Da aka kawo masa labarin mutuwar matarsa, wadda ya taɓa kira abokiyar girmansa a wasiƙa, hawaye bai zo ba. Abin da ya fito shi ne cewa kwanaki na jan ciki ɗaya bayan ɗaya zuwa kabari, rayuwa kuma labari ne da wawa ke bayarwa, hayaniya ce da ba ta nufin komai. Duk da haka, da ya haɗu da Makdaf, ya ce masa ya koma, don jinin iyalinsa ya riga ya yi wa ransa nauyi. Da Makdaf ya faɗa masa yadda aka haife shi, ya ce ba zai yi faɗan ba. Makdaf ya ce to ya miƙa wuya a riƙa nuna shi ga jama'a. Sai ya ɗaga garkuwarsa, yana sane da cewa babu sauran alkawarin da ke kare shi.